Alherin da Ba Ya Jiran Sakayya

Jawabi ga dattawa da membobin ikilisiyoyinmu na Dutsin-Ma da Kurfi

 

Tambaya ɗaya muka zo da ita yau. Idan aka wayi gari an rufe majami'unmu na Dutsin-Ma da Kurfi, ban da mu kanmu, wa zai ji rashinmu? Mu 'yan kaɗan ne a wannan yanki. Yawancin maƙwabtanmu ba za su taɓa shigowa su ji wa'azi ba. Abin da suka sani game da Almasihu, a halinmu suke ganinsa: a kasuwa, a gona, a bakin rijiya, a asibiti.

Kada wani ya ce muna koyar da ceto ta wurin ayyuka. Manzo Bulus, cikin Afisawa sura 2, ya nuna cewa ceto kyauta ce daga Allah, ba ladan wahalarmu ba. Amma a wannan wurin dai ya ƙara da cewa an sabunta mu ne domin mu yi aikin kirki. Yaƙub kuwa, a sura 2, ya ba da misalin mutumin da ya ga ɗan'uwansa da yunwa da tsumma, ya sallame shi da fatan alheri kawai. Irin wannan bangaskiya, in ji shi, ba ta da rai.

Mu tuna inda muka fito. A shekarun 1930, lokacin da ba a yarda a yi wa'azi a fili a ƙasashen sarakunan Arewa ba, mishan ɗin SIM, wadda ECWA ta fito daga cikinta a 1954, ta karɓi aikin kula da kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina, da Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato. A wancan zamani babu maganin kuturta irin na yau, wanda ake sha wata shida zuwa shekara a warke. Allurar wani mai ake yi, mai zafi, ga wankin gyambo kullum. Mutanen da danginsu suka guda, su aka wanke wa ƙafa. Asibitin ido na ECWA a Kano, wanda aka buɗe a 1943, da asibitin Galmi a Nijar, na 1950, duk daga wannan tushe suke. Masu zuwa neman magani a wuraren nan yawancinsu Musulmi ne.

Sai dai mu faɗi gaskiya. Tun a lokacin akwai masu cewa maganin tarko ne. Wannan zargi gargaɗi ne a gare mu. Duk ranar da muka ba mutum tiyar gero muna jiran mu gan shi a majami'a ranar Lahadi, ciniki muka yi, ba alheri ba. Juya zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Namu shi ne mu ciyar. Hausawa na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Gaskiya ne, amma Ubangijinmu ya kai mu gaba da haka. Cikin Luka sura 14 ya ce idan za mu yi biki, mu gayyaci waɗanda ba su da halin rama mana.

To, su wane ne waɗannan a yau? Ba sai mun je nesa ba. 'Yan bindiga da suka yi sansani a dajin Rugu sun tashi ƙauyuka da yawa a Safana, Batsari, Ɗanmusa da Kurfi. Mun ga yadda aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disamban 2020. A Satumban 2021 har layukan waya aka katse a Dutsin-Ma da Kurfi da wasu ƙananan hukumomi saboda tsaro. A Oktoban 2023 aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Bayan kowane hari akwai matan da aka kashe wa maza, da marayu, da manoman da suka bar gonakinsu suka shigo gari suna raɓe a gidajen dangi da kangwaye. Ɗan bindiga ba ya tambayar addini kafin ya kora shanu. Yunwa ma ba ta tambaya.

Mun san abin da wasunmu ke faɗa a zuci: mu ma an taɓa mu, mu ma muna da gwauraye da marayu, abin hannunmu kaɗan ne, bari mu ji da namu. Ba mu raina wannan magana ba. Kula da 'yan ikilisiya wajibi ne, dattawa kada ku sake da shi. Amma idan alherinmu ya tsaya a ƙofar majami'a, me ya bambanta mu da ƙungiyar 'yan adashi?

Ku tuna da Limam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar, a Barikin Ladi ta Jihar Filato. A Yunin 2018, da aka kai hari, ya ɓoye mutane sama da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan. Bai ce waɗannan ba nasa ba ne. Cikin Luka sura 10, Basamariye, baƙon da Yahudawa ba sa ga maciji da shi, shi ne ya ɗauki wanda 'yan fashi suka jikkata, bayan malaman addini sun ratse. Anya za mu yarda mu zama masu ratsewa?

Ga abin da muke roƙo kowace ikilisiya ta tattauna kafin kaka. Na farko, bayan baikon godiya, a keɓe rumbu ɗaya, kowane gida ya kawo abin da ya samu, ko da tiya ɗaya ce ta gero, dawa ko masara. A ajiye sai Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Wajen rabo a nemi mai unguwa ya nuna gidajen da suka fi buƙata, kada a tambayi kowa addininsa. Na biyu, iyayenmu mata, idan kun je dubiya asibiti, ku gaida na gadon kusa, ku zuba masa kunu. Na uku, matasa masu lafiya su ba da sunayensu ga fasto domin ba da jini kyauta idan an kawo mai naƙuda ko wanda aka harba. Ɗalibanmu na jami'a da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita kuma za su iya koya wa yaran 'yan gudun hijira karatu da lissafi da yamma.

Sharaɗi ɗaya ne: babu hoto, babu shela a Facebook, babu karanta sunayen masu bayarwa a sujada. Matiyu sura 6 ta hana mu busa ƙaho a kan sadakarmu. Wanda ya rasa gida da gona, kada mu ƙara masa da kunya.

Mai yiwuwa ba za a gode mana ba. Wani ma zai karɓa ya zage mu gobe. Kada wannan ya sa mu karaya, gama mu ma ba mu cancanta ba sa'ad da Almasihu ya mutu dominmu.

Allah ya ba mu zuciyar bayarwa, ya kawo mana zaman lafiya a Jihar Katsina, ya mai da kowa gida lafiya. Cikin sunan Yesu, amin.