Tabkin da aka cike, ina ruwansa zai nufa?



Duk wanda ya tashi a ƙasar Magarya ko Dungas ya san tabkin bakin gari. Kakanninmu ne suka haƙa wasu, wajen ɗibar ƙasar tubali, wasu kuwa kwari ne da Allah ya yi, irin na Korama inda ake noman rake da rogo. Da damina nan ruwan gari ke taruwa ya nitse sannu a hankali, shi ne kuma rijiyoyinmu ke sha har bazara.

Yau gari ya yi girma, fili ya yi tsada. Sai a zuba shara da leda shekara biyu ko uku, a rufe da yashi, a yanka a sayar. Wa ke saye? Baƙon da fari ya koro daga ƙauye, da mai turin amalanke, waɗanda ba su da kuɗin fili a kan tudu. Ba takarda, ba magudana, ba salga ta kirki. Mai sayarwa kuwa, mu faɗi gaskiya tunda mu ya mu ne, sau da yawa yana cikin sahun gaba a taro irin wannan.

A daminar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya. A watan Satumba na shekarar tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe. Ginin da ya haura shekara ɗari da hamsin bai tsira ba, balle ɗakin laka da aka ɗora bisa shara.

Za ku ce tabki gidan sauro ne da tsargiya. Haka ne, in an mai da shi juji. Maganinsa yashewa da hana zuba ƙazanta. Nijar ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi tun 1987, an sa tabkin Lasuri a 2005, na Gidimuni a 2019, amma namu ƙanana ba mai zuwa daga waje ya tsare su.

Roƙona ga magajin gari da hakimi guda ne: kafin a sake yanka fili, a fita cikin Agusta, lokacin da ruwa ya kai iyakarsa, a kafa turaku, a rubuta. Waɗanda suka riga suka zauna a ciki kada a kore su da buldoza. A ba su fili a tudu tukuna.