Wanda bai iya tafiya sannu ba, ba zai isa Damagaram ba

Na gode da kuka bar shayin fada kuka zo. Yau batun keke zan yi, kuma da abin kunyata zan fara.

Bara waccan na cika baki a fada cewa zan taka keke daga nan Takieta zuwa Damagaram, kilomita wajen 50, in riga motar haya. Na tashi kamar an koro ni. Kafin in kai Tirmini cinyoyina sun ɗaure, idona na ganin duhu. A bayan wata motar kaya aka ƙarasa da ni da kekena, ina zaune bisa buhunan gero. Har yau akwai masu ce mini Zakaran Tirmini, ga ɗayansu can yana dariya.

Ƙarfi ina da shi. Abin da ba ni da shi tushe ne, kuma tushe da tafiyar sannu ake gina shi. Wani masani, Stephen Seiler, Ba'amurke da ke aiki a ƙasar Norwe, ya bi diddigin atisayen manyan ƴan tseren dogon zango. Ya tarar kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yi, sauran ne kawai mai zafi. Waɗannan fa su ne ajin su Biniam Girmay na Eritriya, wanda ya ci zango uku a Tour de France na 2024. Mu kuwa kullum sai mun yi kamar za mu mutu, bayan sati guda a jingine keke a zaure.

Me tafiyar sannu ke yi a jiki? Zuciya tana koyon tura jini mai yawa a bugu ɗaya. Ƙananan hanyoyin jini suna ƙaruwa cikin tsoka. Jiki kuma yana sabawa da ƙona kitse, ya adana sukarinsa, wanda ɗan kaɗan ne kuma shi ne ya ƙare mini a hanyar Tirmini. Wannan ba aikin sati ba ne, wata biyu ne zuwa uku.

Ba ka buƙatar agogo mai tsada. In kana iya hira da na kusa da kai, magana cikakkiya ba tare da haki ba, kana daidai. In magana ta fara yankewa, sassauta. Mai son lissafi ya tsaya ya taɓa jijiyar wuyansa, ya ƙirga na daƙiƙa 15 da salularsa. Ga sa'annina, bugu 30 zuwa 35 ya isa. A fara da minti 40, sau uku a sati, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan har a kai awa biyu ranar hutu.

Wahalar ba a ƙafa take ba, wallahi. Tsoho zai wuce ka da buhu biyu a bayan kekensa, zuciya ta ce bi shi. Kada ka bi. Shi shekara talatin yake gina nasa tushen, ko da bai san sunan abin ba.

Sai maganar da ta fi damuna. Na san akwai masu haɗiyar tramol kafin su hau, wai don ƙarfi. Ba ya ƙara komi, gajiyar yake ɓoye maka, kuma yana iya sa mutum farfaɗiya. Ku yi tunanin haka bisa kwalta, babbar mota na bayanka.

Sanyin hunturu shi ne lokacinmu, kafin zafin Afrilu ya sauko. Ranar da hazo ya yi kauri a huta. Lahadi bayan sallar asuba muna haɗuwa a mararraba, mu bi hanyar Matamai, minti 20 zuwa, 20 dawowa. Kowa ya zo da gorar ruwa da dabino, a duba birki tun dare. Ƴan uwa mata, ku ma da ku. Wanda ya wuce ni a hanya shi zai sayi shayi.