Mako Uku A Zangon Kwatano

Jawabin da mai bishara ya yi a zaman yamma na taron Jubili



An umurce mu mu ba da labarin aikewar da Ekklesiya ta yi mana, mu biyar, da uwargida da yaranmu uku, zuwa Zangon Kwatano a ƙasar Benin, wadda iyayenmu suka sani da sunan Dahome kafin a sake mata suna a 1975. Mako uku muka yi can, cikin hutun makaranta na watan Agusta. Tun ba mu tashi ba wani dattijo ya yi tambaya a gaban taro, ya ce, mene ne mutum zai shuka cikin mako uku, don me kuma za a biya wa mace da yara kuɗin mota? Tambaya ce mai nauyi, ita ce kuwa mu ke so mu amsa yau.

Bari mu fara gaya muku irin wurin. Kun sani zango shi ne inda ayari ke sauke kaya ya kwana. Kakanninmu fatake da ke bin hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja ta cikin ƙasan nan su ke ratsawa, ta Nikki da Paraku da Jugu, ko'ina kuwa suka yada zango sai waɗansu su zauna, har wurin ya zama unguwa. Da ciniki ya koma bakin teku sai Kwatano ma ta sami nata zango, ba nisa da tashar jiragen ruwa. Akwai babban masallaci a cikinsa. Za ka ji Hausa da Zabarmanci da Dandanci da Yarbanci a layi ɗaya. Ga masu canjin kuɗi, ga mahauta masu gasa naman da mutanen can ke kira cacanga, ga direbobi da yaran mota. In ka rufe ido sai ka ce kana Fagge, in ba don iskar teku ba.

Bishara ba baƙuwa ba ce a ƙasar. A 1843 Thomas Birch Freeman na mishan ɗin Metodis ya kai wa Sarki Gezo ziyara, daga baya aka zaunar da masu wa'azi a Wida da Porto Novo. Ta arewa kuwa SIM, wadda Gowans da Kent da Bingham suka fara sa'ad da suka sauka Ikko a 1893, ta shiga Dahome a 1946, ta yi aiki cikin Bariba da Fulani da sauran kabilun wajen, aka buɗe asibiti a Bembereke a 1961. Ekklesiyoyin da suka fito daga aikin nan su ne a ke kira UEEB. Amma a majami'un da muka shiga a Kwatano da Faransanci a ke sujada, ko harshen Fon, ko Yarbanci. Bahaushen da bai yi makarantar Faransanci ba, in ya shiga, sai ya zauna kamar kurma.

Tafiya ba ta da dogon labari. Muka bi ta Ikko da Badagiri, muka ƙetare iyaka a Seme da takardar ECOWAS da katin allurar shawara, muka canja naira da sefa, muka sauka a tashar Jonke. 'Yan babur masu rawayar riga, waɗanda a ke ce da su zemijan, suka kwashe mu da kayanmu, ƙaramar 'yarmu tana kuka har muka isa.

A zango baƙo ba ya zama sai da mai masauki. Namu wani Alhaji ne, ɗan asalin ƙasar Katsina, wanda wani direba mai bi ya haɗa mu da shi. Tun daren fari muka gaya masa sarai cewa mu Kirista ne, Ekklesiya ce kuma ta aiko mu, gama ba mu ga ya kamata mutum ya ci tuwon gida yana ɓoye abin da ya kawo shi ba. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Malam, da kai kaɗai ka zo da na ba ka shago a waje. Tun da ka zo da iyali, ku shiga ciki. Abu ɗaya na roƙe ka, kada ka yi wa'azi a ƙofar masallaci.” Muka ce, “Alhaji, mun ji, ba za mu yi ba.” Ba mu kuwa yi ba. Mutumin nan ya riƙe mu da mutunci har ranar da muka tashi, bai karɓi ko sisi na abinci ba, muna roƙo ku riƙa tunawa da gidansa cikin addu'a.

To, ga amsar rabin tambayar dattijonmu. Mai bishara namiji iyakarsa zaure. Mun yi shekaru muna wannan aiki, mun san ƙofofi nawa ne ba mu taɓa wucewa ba. Uwargida kuwa tun washegari tana tsakar gida tana tsince shinkafa da matan Alhaji, kafin mako ya cika ta shiga gida ya fi goma, suna da biki da gaisuwar rashin lafiya. Ba ta ɗora wa kowa magana ba. Amma da dare, in muna addu'ar iyali a ɗakinmu, mata sukan tsaya bakin taga su ji, da safe su tambaye ta, “Maman yara, me kuka ce jiya a kan marayu?” Sai ta gaya musu. Babban ɗanmu, da ɗan Faransancinsa na makaranta, shi ya zama tafintanmu a kasuwa da wurin likita. Na tsakiyar kuwa ƙwallo ya tafi bugawa a layi, shi ne ya dawo ya ce mana akwai wani mai shayi da ya ji sunansa Bitrus, ya kira shi gefe, ya tambaye shi ko ubansa fasto ne.

Ta bakin mai shayin nan muka sami abin da ba mu zo nema ba. Mun tafi da tunanin waɗanda ba su taɓa jin Bishara ba, sai muka tarar da tumakinmu ne a warwatse. Samari ne daga ƙauyukan Maraɗi da Tsibiri, da na wajen Malumfashi, 'ya'yan masu bi, waɗansu ma an yi musu baftisma. Neman kuɗi ya kawo su: mai shayi, mai gadi, mai wankin takalmi, yaron mota. Da yawansu sun ajiye sunan da aka raɗa musu sun ɗauki wani, domin tsoron kada su rasa wurin kwana ko abokan ciniki. Ba mu ga laifinsu da sauri ba, ku ma kada ku gani. Wanda bai taɓa kwana a baranda a ƙasar wani ba ya yi hankali da hukunci. Ɗayansu ya ce mana shekararsa shida bai ji an yi addu'a da Hausa ba, sai wadda ya ke yi a zuci.

Wani fasto ɗan arewacin ƙasar, mai jin Dandanci da 'yar Hausa, ya ba mu aron ɗakin makarantar Lahadi da la'asar. Lahadin fari mutum huɗu suka zo, ta biyu tara, ta uku goma sha huɗu, har da mata biyu. Littafi Mai Tsarki na Hausa yana hannunmu tun 1932, amma cikinsu duka mutum ɗaya ne ke da shi, shi ma a waya. Da aka ta da waƙa, wani ƙato mai gadi ya kasa rerawa, ya rufe fuska da hula.

Saura rabin tambayar, nan kuwa dattijonmu yana da gaskiya. Mun lissafta abin da aka kashe a kanmu, mun ga ya isa ya riƙe mai bishara guda har wata huɗu. Mako uku kuma ba ya isa a koya wa mutum ko da Bishara ɗaya daga fari zuwa ƙarshe. In abin da Ekklesiya ta ke so shi ne kowace shekara a aiki sabon iyali su je su ga teku, su ɗauko hotuna, su dawo su ba da rahoto mai daɗi, mu ba mu goyi bayan wannan ba. Samarin nan an sha yi musu alkawari. Zango ya saba da mai sauka ya tashi, ba ya kuwa ba shi amana.

Ku duba Ayyukan Manzanni sura 17. Asabar uku Bulus ya yi yana muhawara a majami'ar Tasalonika, daidai da namu makonni. Amma bai bar su haka nan ba: ya aiki Timothawus ya koma wurinsu, ya kuma rubuta musu wasiƙa har biyu. A Korinti kuwa, inda ya zauna shekara ɗaya da wata shida, a gidan Akila da Biriskilla ya sauka, miji da mata masu sana'ar hannu. Ziyarar Freeman ma da ba a bi ta da masu zama ba, da yau ba mai tunawa da ita. Iyayenmu sun gane wannan, shi ya sa tun 1948 suka kafa ƙungiyar aika masu bishara ta 'yan ƙasa, wadda ta zama EMS, tun ECWA kanta ba ta tsaya da ƙafarta ba sai a 1954. Da dammunan hatsi da kwabo-kwabo suka aiki mutane da matansu su je su zauna.

Saboda haka roƙonmu ga dattawa shi ne, cikin baikon Jubilin nan a keɓe rabo domin a zaunar da iyali ɗaya a Zangon Kwatano, aƙalla shekara uku, ƙarƙashin Ekklesiyar ƙasar, gama ba mu da izinin kafa tamu a gonar wani. A nemi mai sana'a, tela ko makaniki, wanda matarsa ta yarda da zuciya ɗaya, wanda kuma zai jure koyon Faransanci. Faston can ya ce ɗakin yana nan kowace Lahadi da la'asar. Kafin a sami mai tafiya, mai shayi ne ke karanta musu sura, muna kuma kiransu ta waya kowace Alhamis da dare.

Sun roƙi Littafi Mai Tsarki goma sha biyu da littafin waƙoƙi ashirin. Direban da ya kai mu zai koma ƙarshen wata, ya yarda ya ɗauka kyauta. Wanda ya ke da niyya ya ga ma'aji a bakin ƙofa bayan addu'ar rufewa.