SANƘARAU DA ISKAR RANI: AIKIN LIKITA GREENWOOD



Maganar yau a kan ciwon sanƙarau ce, da wani likita wanda ya yi shekara goma a Zariya yana neman dalilin da ya sa ciwon nan ya kan zo da rani. Kowane dattijo a Zauro ko Ambursa ya san lokacinsa ba sai an gaya masa ba. In an gama yankan shinkafa, hunturu ya buso, hazo ya rufe fadama, sai a fara jin labarinsa jefi-jefi. Ya zuwa bazara, watau cikin Maris da Afrilu, sai abin ya yi tsanani. Da ruwa ya sauka sosai kuwa, sai ya ɗauke kamar an kore shi. Sanin wannan tsohon abu ne. Abin da ya gagara shi ne dalili.

An rubuta labarin babbar annobarsa ta fari a Nijeriya ta Arewa cikin 1905, daga nan kuma ya dinga dawowa bayan 'yan shekaru. A 1963 wani likitan soja Bafaranshe, Lapeyssonnie, ya tattara lissafin ƙasashe, ya zana a taswira, sai ya ga annobar ta fi zama a wani zirin ƙasa da ya ratsa Afirka a kudancin Hamada, inda ruwan shekara ya ke tsakanin milimita 300 da 1,100. Yanzu ana ƙidaya ƙasashe 26 a cikin zirin nan, daga Sanagal har Habasha. Ƙasar Gwandu da ta Argungu suna tsakiyarsa.

Likita Brian Greenwood mutumin Ingila ne. Ya fara aiki a asibitin koyarwa na Ibadan a 1965, sa'an nan a 1970 ya koma Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke kafa makarantar likitoci. Kowace bazara ya kan ga asibiti ta cika da yara masu zazzaɓi da ciwon kai, wuyansu ya sanƙare, har a 1977 aka yi annoba mai tsanani a ƙasar Zazzau. A zamanin nan galibi ana cewa sanyi ne sanadi, wai ɗari ke sa mutane su cunkushe a ɗaki guda su toshe ƙofa, cuta ta bi numfashi ta kama su. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, gama cunkoso ya kan taimaki ciwon. Amma akwai abin da ba ta warware ba. Ciwon ba ya kai maƙura sai sanyi ya wuce, lokacin da zafi ya kori kowa ya fito kwana a tsakar gida.

Likitan da abokan aikinsa suka bi abin ta hanya biyu. Da fari suka jera yawan marasa lafiyan da aka kwantar a Zariya wata-wata, kusa da lissafin zafi da ƙura da laimar iska. Sai suka ga ciwon na hawa sa'ad da iska ta bushe ƙayau, yana sauka da zarar laima ta dawo. Hanya ta biyu ta fi wuya. A ƙasar Malumfashi suka dinga shiga ƙauyuka, rani da damina, suna shafo maƙogwaron mutane masu lafiya da 'yar auduga, su kai ɗakin bincike su duba. Ashe ƙwayar sanƙarau tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa waɗanda ko ciwon kai ba su yi, kuma tana nan da damina kamar yadda ta ke da rani.

A nan ne zancen ya juya. Ƙwayar ba baƙuwa ba ce da iska ke kawowa daga wani wuri. 'Yar gida ce, kullum tana bakin ƙofa. Abin da rani ke yi shi ne buɗe mata ƙofar. Kamar yadda hunturu ke fasa leɓe da dunduniya, haka busasshiyar iska mai zafi da ƙura ke raunana tantanin cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta sami hanya ta shiga jini, ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Sun buga wannan bayani a mujallar likitoci ta Lancet a 1984. Binciken da aka yi daga baya a ƙasashe da dama ya nuna masu ɗauke da ƙwayar su kan ɗan ƙaru da rani, amma ƙarin bai kai ko kusa da yadda masu kwanciya ciwo ke ƙaruwa ba. Saboda haka tushen maganarsa na nan tsaye.

Ana gane nauyin malami da yawan waɗanda suka ɗora gini a kan harsashinsa, kuma masu ɗorawa a nan suna da yawa. A Mali an gwada farkon annoba da ƙarfin iskar hunturu, aka ga suna tafiya tare. A Yamai an gwada ta da tsananin zafi da ƙurar da ke tasowa daga Hamada. A gida kuma akwai Malam Auwal Abdussalam, masanin yanayi wanda ya yi zurfin karatunsa a Jami'ar Birmingham. Shi da abokan aikinsa sun ɗauki lissafin asibitocin Kano da Sakkwato da Gusau na 1990 zuwa 2011, suka auna shi da lissafin ma'aikatan duban yanayi, suka buga sakamakon a 2014. Sun nuna zafi da ƙarancin laima da ƙura suna bayyana hawa da saukar ciwon, har yanayin wata guda ya kan ba da alamar abin da ke tafe a wata mai bi masa. Sun kuma yi gargaɗi cewa in zafin duniya ya ci gaba da ƙaruwa, ciwon na iya ƙaruwa a arewa maso yamma. Abin lura ga malaman hakimai shi ne, duk wannan ilmi daga littattafan rajista ya fito, waɗanda wasu akawuna suka zauna suka cika ba tare da sun san wa zai karanta ba.

Aikin Zariya bai tsaya ga neman dalili kaɗai ba. Tare da Likita Whittle da Likita Wali an gwada warkar da ciwon da allura guda mai daɗewa a jiki, abin da ya sauƙaƙa aiki a ƙauyukan da ke nesa da asibiti. Yau akwai magungunan da suka gaje ta. A 1980 Likita Greenwood ya tafi Gambiya, ya shugabanci gidan binciken likitancin Ingila da ke can shekara 15, kana ya koma Landan yana koyarwa.

Amma sanin dalili bai hana masifar 1996 ba. A shekarar nan mutum wajen 250,000 suka kamu a Afirka, wajen 25,000 suka rasu, kuma fiye da 100,000 na waɗanda suka kamu 'yan Nijeriya ne. Wannan ya tayar da hankalin duniya aka nemi sabuwar allurar rigakafi mai araha, aka yi ta a Indiya, sunanta MenAfriVac. An fara yin ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, a Nijeriya kuma daga 2011. Ƙungiyar bincike da Likita Greenwood ya jagoranta ita ta auna amfaninta a Cadi, ta ga ciwon ya ragu da kashi 94 cikin ɗari a inda aka yi allurar, kuma ƙwayar ta kusan ɓacewa daga maƙogwaron jama'a.

Sai dai ƙwayar sanƙarau dangi-dangi ce. Allurar nan ta karya dangin da a ke kira A, amma daga 2013 dangin C ya ɓullo a ƙasar Sakkwato da Kabi, ya yi ɓarna a nan da Nijar a 2015. A 2017 fiye da mutum 14,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 1,100 suka rasu. A Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta fari da ta fara amfani da allura mai tare dangi biyar. Duk da haka da bazarar 2025 ciwon ya sake taɓa Gwandu da Jega da Aliero, aka yi rashin rayuka. Wanda ya ce an gama da sanƙarau, bai duba lissafi ba.

To, ranku ya daɗe, ga inda maganar ta iso ƙofar fada. Tun da an san lokacin ciwon, ba daidai ba ne ya riski gunduma tana barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye ma'auni na mako-mako. A gundumar da mutanenta ba su kai 30,000 ba, in an sami mutum 2 da a ke zato cikin mako guda, a farka. In sun kai 5, annoba ce. Inda jama'a ta fi haka yawa, 3 cikin kowace 100,000 shi ne gargaɗi, 10 kuwa annoba. Lissafin nan ƙanƙane ne ƙwarai, har yaro guda da aka ɓoye a ɗaki ana yi masa turare ya isa ya ɓata shi, ya jinkirta zuwan masu allura da mako guda ko biyu. Ciwon kuwa ya kan kashe cikin kwana ɗaya ko biyu. In ba a yi magani ba wajen rabin masu shi na iya mutuwa, cikin waɗanda suka tashi kuma akwai masu kurumcewa. Ga jariri ba lalle a ga wuya ya sanƙare ba, sai dai ya ƙi mama, maɗigarsa ta kumbura.

Saboda haka tun daga Disamba ya kamata dagatai da masu unguwa su san cewa duk wanda zazzaɓi ya kayar farat ɗaya tare da ciwon kai mai tsanani, a kai shi asibiti ran nan, a kuma sanar da hakimi. Malamin hakimi ya rubuta ƙauye, da shekarun mai ciwo, da ranar da ya fara, ya aika wa jami'in lafiya na ƙaramar hukuma kowane mako. Makon da ba a sami kowa ba ma a rubuta haka a aika, gama shirun takarda ba ya nuna ko lafiya ce ko mantuwa. Kada a rufe littafin sai cikin Yuni, bayan shuka ta kama.