Unguwar Boro Tana Bukatar Zaure



Maganar da ta tara mu a yau maganar ɗaki guda ce. Muna nufin ɗakin da zai ci mutum talatin ko arba'in, wanda kowa zai iya karɓar hayarsa na sa'a biyu ko na yini, ya koyar da ɗinki, ko ya yi gwajin wasan kwaikwayo, ko ya baje kolin sana'arsa da safe ya kwashe da yamma.

Magabata ba su rasa irin wannan wuri ba. Zaure shi ne makarantar allo, shi ne shagon maɗinkin hula, shi ne masaukin baƙo. Ko a zamanin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950, a zaure da gindin bishiya aka koya wa dattawa da yawa karatun boko. Amma Unguwar Boro, kamar maƙwabciyarta Sabon Tasha, 'yan haya ne suka cika ta. Maigida ya yanka filinsa ɗaki-ɗaki, bai bar ko wurin shimfiɗa tabarma ba.

To, ina matashi zai nufa? Ɗakunan biki sun fi ƙarfin aljihunsa. Abin da ya rage sai harabar coci ko ta masallaci, kuma a nan gizo yake saƙa. Tun bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, Kogin Kaduna ya zama tamkar iyaka: yawancin Musulmi suka koma arewa, yawancin Kirista suka tattaru a kudu. A da, masaƙun Kakuri ne suke haɗa jama'a. Kamfanin Kaduna Textiles, wanda aka buɗe a 1957, ya sa Bahaushe da Bajju da Bayarabe sun tsaya gaban inji ɗaya, har ya rufe a 2002. Yau ana samun saurayin Tudun Wada da ya girma bai taɓa zama kan benci ɗaya da tsaransa na Unguwar Boro ba. Wanda ba ka zauna da shi ba kuwa, duk abin da aka gaya maka a kansa sai ka yarda.

Kada wani ya ce abin ba zai yiwu ba. A tsakiyar shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta gina dandalin wasan kwaikwayonta da jar ƙasa, bisa fasalin gidan Bahaushe. A 2016 kuma matasa suka buɗe CoLab a Barnawa, wurin koyon aikin kwamfuta, nan kudancin kogi.

Saboda haka muna roƙon ƙungiyarmu ta ɗalibai ta yi karo-karo ta kama hayar ɗaki ɗaya na shekara guda, bisa sharuɗɗa uku. Na farko, a rubuta kuɗin haya a bakin ƙofa, kowa ya biya daidai da kowa. Na biyu, a ajiye littafin rajista, wanda ya riga rubuta sunansa shi ke da rana. Na uku, ban da wa'azi, ban da gangamin jam'iyya, kuma kwamitin kula da ɗakin ya ƙunshi Musulmi da Kirista.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda yake da benci ya kawo, wanda ya iya sana'a ya ba da sa'a guda a mako. Allah ya ba mu ikon cikawa.