Gudun Sassarfa da Filayen Bakin Rafi a Biranen Nijeriya

Jama'a, duk wanda ya yi sammako ranar Asabar ya nufi bakin tafkin Jabi a Abuja zai tarar da taro tun rana ba ta fito ba. Akwai samari, akwai matan aure, akwai kuma dattawan da likita ya tsoratar, kowa yana sassarfa gwargwadon ƙarfinsa. Wannan al'ada ta mutanen birni ce. Manomi da makiyayi da ɗan garuwa ba su bukatar a ce musu su motsa jiki, amma ma'aikacin da ke wuni a kujera ya koma gida a mota, shi hawan jini da ciwon sukari ke fako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya sami aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, ko minti 75 na mai tsanani, irin su gudu.

To, amma a ina za a yi gudun? Kan titi akwai motoci da babura, ga hayaƙi, ga kwalta mai gajiyar da gwiwa. Gudun famfalaki na Legas, wanda aka soma a 2016, kilomita 42 ne da 'yan kai, kuma sai an rufe hanyoyi kafin a yi shi. Ba a rufe wa kowa titi kullum. Mai son yin kilomita 10 ko 15 yana bukatar doguwar hanya mai inuwa wadda mota ba ta ratsa ta, kuma a birni babu inda ake samun wannan kamar bakin rafi.

Waɗanda suka tsara Abuja sun san haka. Tsarin birnin na 1979 ya keɓe kwaruruka da gaɓar rafuffuka, ya ce a bar su da itatuwansu, kada a yi gini. Dalili biyu ne. Na farko, ruwan damina ya sami hanyar wucewa. Na biyu, jama'a su sami wurin shan iska. Lambun Millennium na Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta buɗe a watan Disamba na 2003, misali ne, domin rafi ya ratsa shi. Kaduna ma tana da nata, watau lambun Ƙofar Gamji da ke bakin kogi, inda aka kafa tsohuwar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru.

Abin takaici, da yawa daga cikin irin waɗannan filaye an yanka su fuloti an sayar. Wani ya ja katanga har cikin rafi, wani ya mai da gaɓa juji. Mai gudu ya yi kilomita ɗaya ya ci karo da bango, ya koma titi. Wannan ƙaramar hasara ce in an gwada da ta damina, gama ruwa ba ya manta hanyarsa. Mazauna Lokogoma da Lugbe sun ga ambaliya ta shiga ɗakuna, kamar yadda ta faru a Lugbe a 2023. Filin da aka ƙwace wa mai sassarfa da rani, shi ne ruwa ke zuwa nema da damina, kuma sau da yawa maƙwabcin da bai ci ba bai sha ba shi ke kwana a kan tebur. Saboda haka wanda aka yi wa tallar fili a bakin rafi ya fara zuwa ofishin tsara birni ya duba taswira kafin ya biya ko kwabo. Wanda kuma ya ga ana zuba harsashi a irin wannan wuri ya kai rahoto.

Shi kuwa mai niyyar soma gudu, ya bi a hankali. Ya fara da tafiya, sa'an nan ya riƙa surka ta da sassarfa, yana ƙara nisa kaɗan kaɗan mako bayan mako. In yana iya magana da abokin gudunsa ba tare da haki ya sarƙe shi ba, saurinsa daidai ne. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da ciwon zuciya, ya ga likita tukuna. A fita da asuba ko da la'asar sakaliya, musamman da bazara, a riƙe ruwan sha, a kuma tafi biyu biyu a wuraren da ba jama'a. In an yi ruwan sama da dare, a ƙaurace wa gaɓa har rafi ya janye.