Jirgin Takarda: Jawabi Ga Iyayen Yara A Taron Ƙungiya

Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban wannan ƙungiya tamu, malamai, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa na Idi-Araba da sauran unguwannin Mushin, da waɗanda suka taso tun daga Agege, barkanmu da zuwa. An ce in yi magana a kan tarbiyyar yara. To, ni ɗan kasuwa ne, ba malami ba, saboda haka abin da ya faru a ɗakina zan ba ku labari.

Ran nan da la'asar na dawo daga kasuwa, sai na tarar da yarona ɗan shekara bakwai ya yage takarda daga littafin lissafinsa yana ta ninkewa. Raina ya ɓaci, don kun san kuɗin littafi. Har na ɗaga hannu, sai uwarsa ta ce, "Malam, tambaye shi tukuna mana." Na ce, "Kai, mene ne wannan?" Ya ce, "Baba, jirgi ne, irin wanda ke wucewa ta saman gidanmu." Ya jefa shi, jirgi ya kifa da hanci a ƙasa. Yaro ya ciko da ƙwalla.

Nan take na tuna da ƙuruciyarmu a gida. Bayan kaka mukan ɓare karan dawa, mu haɗa mota da totuwarsa, har da ƙafafu da fitila, ba mai dukanmu. Yaron Ikko fa? Ba kara, ba fili, ɗaki ɗaya ne da baranda. Takardar nan ita ce karansa. Sai jikina ya yi sanyi. Na jawo tsohuwar kalanda, na zauna kusa da shi a kan tabarma.

Ban karɓa na yi masa ba, jama'a, tambaya kawai nake yi. Me ya sa ya faɗi? Mu biyu muka gano cewa dole fikafikan su zo daidai, in ɗaya ya fi girma jirgin zai karkace. Dole a danne kowane ninki da farce. In yana kifawa, a ɗan tanƙwara bayan fikafikan sama. In kuma ya yi sama ya tsaya cak ya faɗo, gabansa ne ba nauyi, sai a ƙara masa ninki a hanci. Shida suka lalace. Na bakwai ya tsallake baranda har ƙofar maƙwabci. Murnar da yaron nan ya yi, ko ranar Salla ban ga irinta ba.

Wani zai ce ai wasa ne. To, ku saurara. A 1878, a Amurka, wani uba ya kawo wa 'ya'yansa biyu abin wasa mai tashi sama, na takarda da gora da roba. Suka yi ta wasa da shi har ya karye, sai suka ƙera nasu. Su ne Wilbur da Orville Wright. Ba su yi jami'a ba, sana'ar keke suka yi. Ranar 17 ga Disamba, 1903, jirginsu mai inji ya tashi, ya yi daƙiƙa 12 a sama, ya ci ƙafa 120 kacal. Bayan shekara 22, a watan Nuwamba na 1925, jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya, har ya isa Kano. Tun 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi da gyaransa a Zariya. Filin jirgin Ikeja da ke kusa da mu kuwa, sunan Janar Murtala Muhammed yake ɗauke da shi, mutumin Kano. Ashe abin ba baƙonmu ba ne. Amma mu nawa ne a nan muka taɓa zuwa filin in ba rakiyar alhazai ba? Wa ya taɓa gaya wa ɗansa cewa shi ma zai iya zama a kujerar matuƙi, ko ya kwance inji ya mayar?

Ban ce duk mai ninke takarda zai tuƙa jirgi ba. Abin da na gani shi ne, yaro ya gwada sau shida bai yi zuciya ba, don babansa na zaune a gefensa. Da na mare shi ran nan, da ya koyi ɓoye mini abin da ke ransa, kuma a garin nan kun san titi ba ya rasa mai karɓar yaron da gida ya ƙi saurara.

Saboda haka roƙona uku ne. Ku ajiye musu tsofaffin jaridu da kwali, don a bar littafin makaranta ya huta. Ku ba su ko minti goma bayan magariba, mata da maza, kada a ce wannan na 'ya'ya maza ne kawai. Sannan in abu ya lalace, ku tambaya kafin ku yi faɗa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya raya mana su, Ya yi musu albarka.